Ƙoƙon da Ba a Kife Ba

Yamai, 2 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Ɗanjuma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan gida lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Ka gaishe mini da Tanti Maryam, da taubashiyata Kyauta mai giɓi. Ni lafiya lau nake, sai zafin Yamai da ba ya jin magana.

Na san za ka ce mi ya hana in kira. Kai ne ka ce kunnenka ya aje aiki ranar da ka aje alli, in ina da magana in rubuta kamar ɗiyar gidan mushe, malamin makaranta. To ga ta nan ta hannun Ɗan Azumi direba, da wani ɗan katin bidiyo da na naɗe cikin takarda. Don Allah kar a jefar da shi da shara, wata takwas na raina ne a ciki.

An ce mini in an tambaye ka aikina kana cewa, "Wasa take da ƴan tsana a Yamai, kuma ana biyan ta." Ba ka yi ƙarya ba. Mukan haɗa ɗan mutum da waya da tsumma, mu gina mishi kai da yumɓu, mu tsai da shi gaban kamara. A ɗauki hoto, a ɗaga mishi hannu misalin ƙwayar gero, a sake ɗauka. Sai an yi hoto goma sha biyu kafin ya gama ɗaga hannu ɗaya. In aka jera hotunan da sauri, sai ka ga laka tana tafiya da ƙafarta. Haka na yi har na samu minti goma sha ɗaya, bayana kuwa ya zama na mai noman rani.

Tatsuniyar Kaka ce na yi, Allah ya jiƙanta. Ta dodon nan mai fitowa daga tabki ya bi gari yana lashe inuwar yara, da yarinya Jummai da ta nutsa ruwa don ta karɓo inuwar ƙanenta. Na gina ƴar tsohuwa mai ba da labarin, na sa har ɗan ƙoƙon nan da Kaka ke buɗewa in za ta fara. Ƙarshen tatsuniyar ya ɓace mini, sai na ƙarasa da kaina. Dodon na yi mishi jiki da gashin akuya, idanu da wuri, haƙora da ƙayar kifin da ka aiko mini bara kana tambaya ko miya zan yi da ita.

Ga inda gizo ke saƙa. Ranar 20 ga Yuli akwai taron sinimar yara a nan. Madam Jamila, shugabar ɗakin aikinmu, ta kalla ta ce aikin ya yi kyau amma dodon ya yi yawa. Ta ce iyaye za su kwaso ƴaƴansu suna kuka su bar mu da kunya. Ko in sassauta shi ya zama abin dariya, ko fim ɗin ya zauna cikin akwati. Ni ko na ce mu da aka raina da wannan dodon ba mu mutu ba. Muka ja, muka ja, daga ƙarshe muka shirya a kan yaran gidanmu su yi alƙalanci. In sun ɗauka, dodo ya zauna. In ba su ɗauka ba, na yi alkawari zan sassauta.

Ka roƙi maƙwabcinka Garba ya sa katin a telensa, a tara yara. Ka duba mini fuskokinsu da idon nan naka na aji, ka rubuto mini gaskiya.

Ɗiyarka,
Inde

*

Madarunfa, 9 ga Yuni

Inde,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda kika san ta. Ruwa ya sauka jiya, Ɗan Azumi na ƙofar gida yana ta danna mini odar mota, don haka a tsaye nake rubutu.

An kalla ranar Laraba bayan la'asar a zauren Garba, yara goma sha huɗu. Sun yi ihu, sun rurrufe ido, suna leƙe ta tsakanin yatsu. Da aka gama sun ce a sake. Kyauta ce kaɗai ba ta ce komi ba. Yau kwana huɗu ba ta yarda inuwarta ta taɓa ƙasa. Daga gindin itacen bedi sai ɗaki, a guje.

Zanen da ƴar tsohuwar ta ɗaura kuma na gane shi.

Za mu yi magana.

Ɗanjuma

*

Yamai, 12 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi muku barka da ruwa. Allah ya sa damina mai albarka ce.

Takardarka ta zo, na karanta ta ya fi sau goma, ba ta ƙara tsawo ba. "Za mu yi magana." Kawu, shekara shida na yi ina karatu a lakwal ɗinka, na san abin da ke biyo bayan wannan kalma. Duk wanda ka gaya wa ita da safe ba ya cin abincin tara.

Zanen Kaka, eh, shi ne. Baƙin saƙin nan mai farin zare da ya faɗo a rabona. Faɗin tafin hannu na yanka daga gefe, sauran yana nan a ninke. Na gwada atamfa kala uku a jikin ƴar tsanar, duk sai ta fito kamar baƙuwa. Da na ɗaura mata wannan sai ta zauna daidai. Ya kamata in tambaye ka, uwarka ce kafin ta zama kakata. Na ji tsoron ka ce a'a, shi ya sa na yi shiru. Ka yafe mini.

Amma maganar Kyauta ce ta hana ni cin abinci. Yarinyar da ke bin awaki har bakin tabki ba takalmi, ni na mai da ta ƴar ɗaka. Na zauna ina gardama da Madam Jamila kamar na fi kowa sanin yara, alhali ko kaza ban taɓa raino ba. Ashe ita ke da gaskiya. Na gaya mata abin da ya faru, ba ta ce "ai na faɗa miki" ba, wannan ya fi mini ciwo.

Alkawari kaya ne. Zan sassauta dodon. Ka gaya wa Kyauta laka ce da gashin akuya, tsawonsa bai kai zira'i ba, yanzu haka yana kwance cikin kwalin sabulu ƙarƙashin tebur ɗina. Ka rubuto mini ko layi biyu ne, in san yadda take.

Inde

*

Yamai, 25 ga Yuni

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwana goma sha uku ke nan. Sau biyu ina tare Ɗan Azumi a tasha, yana juya mini tafin hannu. Ya ce ya miƙa takardata a gida, abin da ya sani ke nan. Sau uku ina ɗaukar waya in kira Garba ina ajewa, don kar maganar gida ta fita ta bakin maƙwabci.

Shekaranjiya na cire wa dodon haƙora. Ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, guda talatin da biyu, na zuba su cikin gwangwanin madara. Na zagaye mishi baki, na sa mishi kumatu. Yanzu ya yi kama da tsohon bunsurun da ya sha fura. Abokan aikina sun yi dariya, ni ban yi ba. Ranar Litinin zan fara sake ɗaukar wurarensa duka.

In fushi kake, ka yi shi a takarda, zan ɗauka. Shirun nan ne ba na iyawa.

Inde

*

Madarunfa, 28 ga Yuni

Ɗiyata Inde,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Muna nan lafiya ƙalau. Gero ya fito, wake ma mun jefa, Maryam na gaishe ki.

Jiya na dawo daga Gabi. Kin manta gonarmu ta can ba ta shuka kanta? Kwana goma sha shida na yi, gwiwa ta riƙe ni huɗu daga ciki. Na tarar da takardunki biyu ƙarƙashin tabarmata, na karanta su a jere, na yi dariya har Maryam ta leƙo. Ke dai ba ki canza ba. Tun kina aji biyu in na yi tari sai ki fara tuba. Na ce za mu yi magana don akwai magana, direba kuma yana neman fasa mini sauran kunnen da oda.

Mu fara da zane. Ban yi fushi ba. Abin da ya faru shi ne, da ƴar tsohuwar nan ta gyara zama, ta ja bakin zanen ta rufe gwiwa yadda Inna ke yi, sai na ji zauren Garba ya yi mini kaɗan. Na daure har dodo ya fito, daga nan na tashi na fita kamar mai duba akuya. Tsohon mushe ba ya share ido gaban ƴan aji ɗaya. Saboda haka ban ga ƙarshen fim ɗin ba, kuma wannan fitar tawa ita ta ja mu kwana ashirin cikin duhu. Zanen naki ne, kin kuwa sa shi inda ya dace.

Yanzu Kyauta. Tana ci, tana barci, tana tsokanar mutane. Ba ciwo gare ta ba, dabara ta yi. Ta lura da tsakar rana inuwa na shigewa ƙarƙashin ƙafa, to lokacin take fita ta yi duk aikenta. Safe da la'asar kuwa, da inuwa ke miƙewa, ko da goro ba ki fitar da ita daga gindin bedi. Na gaya mata laka ce da gashin akuya. Ta dube ni kamar ni ne yaron, ta ce ai ta sani.

Ina Gabi ta ɓullo da wani sabon aiki. Duk ƙwaryar da ke gidan nan sai ta kife ta. Ƙoƙo, ludayi, masaki, har ƙwaryar awo. Ranar Juma'a ta kife ta furar Maryam da furar a ciki. Maryam ta ɗauko tsumagiya, sai kuma ta fasa ta ce a jira ni. Jiya bayan na huta na zaunar da ita, na ce, "Kyauta, mi ƙwarya ta yi miki?"

Ta ce, "Baba, ba a kife ba."

Na ce, "Mi ba a kife ba?"

Ta ce, "Tsohuwar cikin tele. Ta buɗe ƙoƙo dodo ya fito. Da aka gama sai kiɗa ya taso, rubutu ya yi ta hawa sama, Garba ya kashe. Ba ta kife ba. Yana waje."

Inde, nan take na miƙe. Na aika aka kira Garba ya sa mini ƙarshen, na kalla da idona. Yarinyar nan ta fi mu gaskiya.

Ke kin san Inna na buɗe ƙoƙo in za ta fara. Abin da ba ki sani ba, in ta gama takan kife shi. Ba ta taɓa tashi ta bar shi a buɗe ba, ko da ruwa ya taso ana gudun shiga ɗaki. Ta nan muke sanin duk abin da ya fito ya koma. Shi ya sa take ba mu dodanni masu cin mutum da ƙashi, mu tashi mu yi fitsari bayan ɗaki ba rakiya. Kyauta ita ce ta ƙarshe da ta zauna gabanta, shekara biyu cur, ta san dokar sarai.

In kina mamakin yadda aka yi ba ki sani ba, ni ba na yi. Ke ba ki taɓa ganin ƙarshen tatsuniya ba a gidan nan. Ke ce mai roƙon a fara, ke ce mai zama gaba, kafin a kai tsakiya kin kife kai a cinyar Inna kina zubar da miyau. Ni ke saɓa ki in kai ki shimfiɗa. Shekara nawa ina wannan dako. Kika ce wai ƙarshen ya ɓace miki. Abin da ba ki taɓa riƙewa ba ya za a yi ya ɓace?

Na ɗauko ainihin ƙoƙon Inna daga cikin adaka na kife gabanta. Ta ce bai yi ba, wanda ya buɗe shi ke kifewa. Wannan ma maganar Inna ce.

Saboda haka ga aikin gida. Ki mai da wa bawan Allah haƙoransa, duka talatin da biyu. Yara goma sha uku sun ce a sake, har yau suna wasan dodo a lungu, kowa na son ya zama shi. Kar ki ba su bunsuru. Ki sa tsohuwar ta kife ƙoƙonta. Da hannun hagu take yi, don na dama yana riƙe da kan wadda ta yi barci. Takan ƙwanƙwasa bayansa sau uku da ɗan yatsa, ta ce, "Koma ka kwanta, mun gan ka." Daga nan ta ce ƙurunƙus, ta kakkaɓe zane.

Kawunki,
Ɗanjuma

*

Yamai, 6 ga Yuli

Kawu,

Na gaishe ka, na gaida gwiwa, na gaida Tanti da furarta da ta yi shahada.

Takardarka ta same ni ranar Lahadi, saura kwana ɗaya in fara ɗaukar bunsuru. Na karanta a tasha a tsaye, na yi dariya, na yi kuka, mai sai da ruwa ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Wallahi Kawu na ji kunya. Wata takwas ina gaya wa mutanen nan ni ce na san tatsuniyar Kaka, ashe rabinta na sani, sauran a kafaɗarka na yi shi. Miyau kuma ban yarda ba, sai ka kawo shaida.

Haƙora sun koma. Ɗaya ya karye, ya zama mai giɓi kamar alƙaliyarsa, ya ma fi ban tsoro.

Kifewar ta ci mini kwana huɗu. Hoto ɗari da ashirin. Hannun hagun ƴar tsohuwar bai saba aiki ba, wayar ciki ta karye sau biyu. Ƙoƙon rabin ɓawon goruba ne, da na taɓa shi sai ya mirgine, sai da na liƙe shi da ƙaro. Da na zo ƙwanƙwasawa ta uku na tsaya na daɗe, don ban so ta gama ba. Na ƙara abu ɗaya da ba ka ce ba. Za ka gani a cinyarta.

Na karanta wa Madam Jamila takardarka, ban da wurin miyau. Ta kalli sabon ƙarshen sau biyu. Ta ce ita kakarta tofi take musu a ka in ta gama, ta manta da wannan sai yau. Amma ta ce sharaɗi na nan yadda muka yi: yara goma sha huɗu aka tara, goma sha uku ba su isa ba. In Kyauta ta fita rana, dodo zai je taro da haƙoransa. In ba ta fita ba, fim ya jira baɗi, don lokacin yin bunsuru ma ya wuce. Na yarda, kuma wannan karon ba don an fi ƙarfina ba.

Ga katin. Ɗan Azumi zai juyo ranar 11. Don girman Allah, Kawu, kar ka tafi Gabi. Kuma ka zauna har ƙarshe, akuyar Garba ba ta buƙatar dubiya.

Ɗiyarka mai barci,
Inde

*

Madarunfa, 11 ga Yuli

Inde,

Sallama. Kowa lafiya. An yi ruwa biyu tun bayan takardarki, gero ya kai gwiwa, ana ta noman farko. Yau a zaune nake rubutu, na ce wa Ɗan Azumi in ya taɓa oda zan tuna mishi makinsa na lissafi gaban fasinja.

Jiya aka kalla. Ni na zaɓi lokaci, bayan la'asar, sa'ad da inuwar mutum ta fi shi tsawo sau biyu. Labari ya bazu, yara sun kai talatin, da manya biyar masu cewa sun zo raka yara. Kyauta Maryam ce ta goyo ta zuwa zauren, ƙatuwa da ita, ƙafafu na jan ƙasa.

Ta zauna gaba. Da dodo ya fito daga ruwa zauren ya kaure, wani ɗan Garba ya shige bayan buhu. Ita ko ido ba ta rufe ba, jira take. Jummai ta karɓo inuwar ƙanenta, aka dawo kan tsohuwa. Na ga abin da kika ƙara: ƴar yarinya kwance a cinyarta, baki buɗe. Maryam ta ce, "Ga Inde nan," manya suka fashe da dariya. Kin kawo shaidar da kanki.

Sai hannun hagu ya tashi, ya kife ƙoƙo. Kyauta na ƙirgawa da baki, ɗaya, biyu, uku. Da tsohuwar ta ce "Koma ka kwanta," sai Kyauta ta riga ta ƙarasawa, ta ce, "Mun gan ka." Ta miƙe, ta kakkaɓe siket ɗinta, ta tsallake ƙafafun mutane ta fita.

Na bi ta a hankali. Ta tsaya tsakiyar fili, rana na bayanta, inuwarta ta miƙe har jikin dangar Garba. Ta ɗaga hannu ɗaya, ta ɗaga ɗayan, ta ɗaga ƙafa, tana dubawa ko an rage wani abu. Da ta ga komi ya cika sai ta juyo ta ce, "Baba, a sake. A fara daga wurin haƙoran."

Ki gaya wa Madam Jamila goma sha huɗu sun cika. Yau da safe Kyauta ta kora awaki bakin tabki, ƙoren gidan nan kuma duk sun koma kallon sama. Ta ce in gaya miki dodon ya yi, amma giɓinsa bai kai nata kyau ba.

Ni ma na zauna har ƙarshe, kamar yadda kika ce. Kin san ina Maraɗi wurin karɓo magani Inna ta cika, ban samu sallama da ita ba, abin yana nan yana cina shekara biyu ban gaya wa kowa ba. Jiya na ga hannunta ya rufe abinta a natse, ta kakkaɓe zane. Na share ido gaban yara talatin, ba wanda ya kula, dodo ya fi ni kasuwa. Na ji sanyi a raina, Inde. Allah ya yi miki albarka.

Ki je taronki. In kin zo hutu ki taho da ƴar tsohuwar, ina son in gan ta a tafin hannuna. Na kuma duba rajistar da ke kaina, na ga wannan ce tatsuniya ta farko da kika kai ƙarshenta ido biyu. Shekara ashirin da bakwai kika ɗauka, amma na ba ki goma bisa goma.

Kawunki,
Ɗanjuma